Kyamarar Gona da Ambaliya: "Ba Ta Shan Ruwa" Har Zuwa Ina?

 

Tun da damina ta kankama ake ta yi mana tambaya ɗaya: kyamarar nan da ake ɗaurewa a jikin bishiya don gadin gona, tana jure ambaliya ko ba ta jurewa? An san mun saya, shi ya sa ake tambayarmu. Mu biyar ne, uku mutanen Gaya, biyu mutanen Ajingi, muna shinkafa da damina, da rani kuma tumatir da albasa a fadama ɗaya. Bara muka haɗa kuɗi muka sayo guda huɗu. Yau da muke wannan rubutu guda ɗaya ce ke aiki garau, ɗaya tana ɗaukar hoto kamar ana hazo, biyu kuwa sun zama abin wasan yara. Amsarmu a taƙaice ita ce: tana jure ruwan sama, ba ta jure ambaliya, kuma duk wanda ya ce muku tana jurewa, ko dai bai gwada ba, ko kuma yana da kayan sayarwa.

Ga waɗanda ba su taɓa ganinta ba, ɗan akwati ne na roba da bai wuce tafin hannu biyu ba, mai kalar ganye ko ɓawon itace. Ana zuba mata ƙananan batira irin na rimot, yawanci takwas, a sa mata memori. Tana da wani ido mai jin ɗumin jiki, da mutum ko dabba ya gifta sai ta farka ta ɗauki hoto ko gajeren bidiyo, da dare kuma ta haska da wani haske da idon mutum ba ya gani. Asalinta kayan mafarauta ne a Amurka da Turai, masu son sanin inda barewa take bi. Masu binciken namun daji ma suna amfani da ita, har a nan ƙasar, a dajin Yankari da na Gashaka Gumti. Mu kuwa ba barewa muke nema ba. Muna neman wanda yake kwance injin ban-ruwa da tsakar dare, da mai ɗauke farantin sola, da mai yanke tiyo, muna kuma son sanin garken wa ya shiga shinkafa. Akwai sabuwar samfuri mai farantin sola da layin waya, wadda take turo hoto kai tsaye zuwa wayarka. Za mu zo kanta.

Ranar da muka je saye a Kano, abu na farko da muka tambayi mai shagon shi ne maganar ruwa. Ya ɗaga kwalin ya nuna mana wani rubutu, ya ce, "Alhaji, wannan watafuruf ce, ko a rijiya ka jefa ta ba abin da zai same ta." Ba mu ce da gangan ya yaudare mu ba. Mai yiwuwa shi ma haka aka gaya masa. Laifinmu ne da ba mu san karatun rubutun da ya nuna mana ba, sai bayan da ruwa ya koya mana.

Rubutun shi ne IP66. Ku duba kwalin taku, za ku ga haruffan IP da lambobi biyu a gabansu. Wannan ma'auni ne na duniya da hukumar daidaita kayan lantarki ta ƙasa da ƙasa ta tsara, sunansa IEC 60529. Lamba ta farko ta ƙura ce: 5 tana nufin ƙura kaɗan za ta iya shiga amma ba ta hana aiki, 6 tana nufin ba ta shiga sam. Wannan ya shafe mu lokacin hunturu. Lamba ta biyu ita ce ta ruwa, kuma a nan ake yi mana rufa-ido. 4 tana nufin fantsamar ruwa kawai. 5 tana nufin an fesa mata ruwa da tiyo ta jure. 6 tana nufin an fesa mata da ƙarfi sosai, kimanin lita 100 a minti ɗaya, na aƙalla minti uku. Duk waɗannan feshi ne, ba a nutsar da ita ba. Sai an kai 7 ake maganar nutsewa, shi ma zurfin mita ɗaya ne na minti 30 kacal. 8 kuma ta wuce haka, amma kamfanin ne da kansa yake faɗin zurfin da tsawon lokacin. Mafi yawan kyamarorin da muka gani a kasuwa daga 4 zuwa 6 suke.

To a ce ma ka dace da mai lamba 7. Wace ambaliya ce take zuwa ta yi rabin awa ta koma? Mu da muka san ruwa yana kwana uku, yana mako, a kan shinkafa? Sannan gwajin nan da ruwa mai tsabta ake yinsa, ruwan da yake kwance a cikin tanki, a kan sabuwar kyamarar da ba a taɓa buɗewa da hannu mai ƙasa ba. Ruwanmu kuwa jawur yake zuwa, da laka da yashi da karan dawa da itacen da ya tumɓuke a hanya, yana tafe yana duka. Abu na ƙarshe da ya fi ba mu haushi: buga lamba a jikin kwali ba shi da wuya. Kamfanin kirki yana gwadawa kafin ya rubuta. Kyamarar da ba ka san sunan mai yinta ba, wa zai gaya maka an taɓa jiƙa ta?

Duk kariyarta ta dogara ne a kan wata siririyar roba da ta zagaye bakin murfin. Ita ce komai. Robar nan tana shan zafin Maris da Afrilu, ta bushe, ta tsage, ta daina komawa yadda take. Kowane buɗewa da ka yi don canza batir, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale a kai ta bar hanya. A ƙasan akwatin kuma akwai ɗan ramin da ake sa wayar caji, da toshiyar roba a bakinsa. Tamu ɗaya kiyashi suka shiga ta nan suka yi gida, domin an manta ba a mayar da toshiyar ba. Inda kiyashi ya shiga, ruwa ba ya neman izini.

Bari mu faɗi yadda kowacce ta ƙare, domin a nan darasin yake.

Biyun da suka mutu, mun ɗaure su daidai ƙugu, ɗaya a jikin darbejiya kusa da inda injin yake, ɗaya a jikin turke a bakin gona. Me ya sa a ƙugu? Domin haka takardar cikin kwalin ta ce, kimanin mita ɗaya daga ƙasa. Kuma gaskiyarta, a wannan tsayin ne idon yake fi ganin dabba. Sai dai wanda ya rubuta takardar barewa yake tunani a dajin da ba ya cika. Bai san fadamarmu ba. Daren da ruwa ya zo, hoton ƙarshe da ɗayar ta ɗauka na ruwa ne yana lasar gindin turken, da kwanan wata da lokaci a ƙasansa. Bayan kwana huɗu muka iya isa wurin. Da muka buɗe, laka ce cike, batiran sun fashe sun zubar da wani farin abu kamar gishiri, ƙarafan da suke riƙe su sun yi kore.

Ta uku ruwa bai kai gare ta ba ko kusa, amma ita ma ta sha. Wannan ne abin da mutane ba sa yarda da shi sai sun gani. Mun canza mata batir da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, iska cike da laima, muka rufe. Da rana akwatin ya yi zafi, da dare ya yi sanyi, laimar da muka kulle a ciki ta zama raɓa ta kwanta a kan gilashin da injin. Robar da ta hana ruwa shiga ita ce ta hana shi fita. A lokacin marka, wannan naso ya fi ambaliya kashe kyamara, domin ba ya ƙara, ba ya sanarwa. Maganinsa bai kai kuɗin kati ba: ɗan ƙunshin nan mai ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu a kwalin sabon takalmi ko cikin robar magani, aikinsa ke nan shan laima. A sa ɗaya a ciki, a riƙa canza shi, kuma kada a buɗe kyamara ana yayyafi.

Ta huɗu ita ce ta tsira, kuma ba wayonmu ba ne. Ranar da muke ɗaure ta a jikin wata tsamiya, wani dattijo masunci da ya kusa shekara saba'in yana zaune yana gyaran koma, yana kallonmu. Da muka gama sai ya ce, "Samari, abin nan naku yana iyo ne?" Muka yi dariya muka ce, "Baba, ai ba ya shan ruwa." Bai yi musu ba. Ya tashi ya zo ya ɗora hannu a jikin tsamiyar, sama da kansa kaɗan, inda ɓawon ya canza kala. Ya ce, "Nan ya tsaya shekarar da aka yi babban nan. Nan ƙasa kuma na shekaru uku da suka wuce. In kuna son kayanku, ku wuce hannuna." Don kunya kawai muka nemo tsani muka mayar da ita sama. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Mu sai da muka hau tsamiya.

Ra'ayinmu ke nan, kuma a kansa muke tsaye: a ƙasarmu, tsayin da ka ɗaure kyamara da ranar da ka kwance ta sun fi lambar jikin kwali muhimmanci nesa ba kusa ba. Wannan ilimin kuma ba ya Kano, ba ya intanet. Yana wurin masunta, da Sarkin Ruwa, da tsofaffin manoman fadama, yana kuma rubuce a jikin bishiyoyi da katangu ga mai iya karantawa.

Dalilin da ya sa muke nanata wannan shi ne ruwan da yake cinye mu ba lallai ne ya zama wanda ya sauka a kanmu ba. Kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja haɗin kogin Kano ne da kogin Challawa. A kan na farko akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974, a kan na biyu akwai madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye da aka gama a 1992. In aka yi ta ruwa a kudancin Kano cikin Agusta har madatsun suka cika suka tumbatsa, rarar dole ta biyo hanya. Sai ka kwanta sama garau da taurari, ka tashi ruwa a gonarka. Manyanmu ba su manta da ƙarshen Agustan 2001 ba, lokacin da ruwa ya mamaye garuruwa da yawa a Kano da Jigawa. Na 2022 kuwa kowa a nan shaida ne, shekarar da ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a faɗin ƙasar, mu ma a Ajingi gidaje da dama suka kwanta. Mutanen Maiduguri sun ga nasu a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Ruwan da ya rushe gidan ƙasa, ya ɗauke buhunan hatsi, me zai ji a jikin akwatin roba mai siririyar roba a baki?

Mun san akwai masu ja da mu, kuma ba duka maganarsu ce ba ta da tushe. Wani zai ce in aka ɗaga ta sama, ai ba za ta ga ɓarawo da kyau ba. Gaskiya ne. In ka kai ta mita uku dole ka sunkuyar da ita ƙasa, filin da take gani ya ragu, kuma sau da yawa hula kake samu maimakon fuska. Mun yarda da wannan asarar. Amma a lura, kyamarar da take daidai ƙugu ɓarawon ma yana ganinta, kuma abu ne mai sauƙi ya haɗa da ita ya tafi. Ɗagawar ta raba ka da ruwa, ta kuma raba ka da mai wuƙa a aljihu. Abin da muke yi yanzu shi ne mu kusantar da ita ga abin da take gadi, ta kalli injin kai tsaye, mu daina ƙoƙarin sa ta ta ga gona duka. Ita ma bishiyar a zaɓa. Wadda take gaɓar kogi, saiwarta a waje saboda zaizaya, ko ka ɗaure a ƙololuwarta tare za su tafi.

Wani kuma zai ce a sayi mai sola da layin waya, ko ta nutse ai ta riga ta turo hoton. Wannan hujja ce mai ƙarfi, in akwai sabis a gonarka. Ku fara gwadawa da wayarku a daidai gindin bishiyar, ba a bakin titi ba, domin fadama kwari ce. Sannan ku tuna ta fi tsada, kullum tana cin data, kuma ramukanta sun fi yawa: na wayar sola, na layi, na eriya. Batirinta irin na waya ne, wanda in ruwa ya shige shi yana iya kumbura ko ya kama wuta. Kada a kawo irin wannan cikin ɗaki a jona shi a caji don a ga ko zai tashi.

Sai masu cewa duk wannan bidi'a ce ta 'yan boko, a ɗauki mai gadi a huta. Ba mu raina mai gadi ba, mu ma muna da shi lokacin da albasa ta kusa. Sai dai akwai aikin da mai gadi ba ya iyawa. Shekarun baya in shanu suka yi ɓarna da dare, da safe sai a nufi rugar da ta fi kusa, ko su ne ko ba su ba ne. Kowa ya san inda irin wannan take kaiwa. A bara kyamarar tsamiyar nan ta nuna mana cewa ɓarnar da muke shirin ɗora wa maƙwabtanmu Fulani, wani garke ne mai wucewa ya yi ta. Muka kai hoton gaban mai unguwa, magana ta mutu a nan, ba wanda ya zagi wani. Tun daga ranar muka gane memorin ya fi kyamarar daraja.

Kuma cikin ikon Allah memori yana da taurin rai. Daga cikin biyun da suka nutse, duka memorin sun tashi bayan mun ɗauraye su da ruwa mai kyau mun bar su sun bushe sarai. Saboda haka wanda tasa ta nutse kada ya jefar. Abu na farko, kada a kunna ta don a gani ko tana aiki, wannan kunnawar ce take ƙarasa ta. A cire batira nan take, a cire memori. A ɗauraye lakar da ruwa mai tsabta, domin in ta bushe a kan injin tana riƙe laima tana jawo tsatsa. A kai wa mai gyaran waya ya wanke injin da sifirit ɗin da suke amfani da shi, a bar ta a buɗe a inuwa mai iska na kwanaki. Maganar binne ta a cikin shinkafa kuwa, kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu wayoyinsa su daina, domin garin shinkafar yana shiga ciki. Mu da muke noma ta da guminmu, gara mu ci abarmu. Ko an yi duk wannan, wadda ta kwana a ruwa da batir a ciki ba kasafai take dawowa ba. Namu ba su dawo ba.

Gargaɗi ɗaya da ba ma son a ɗauke shi da wasa: kada wani ya shiga ruwa mai gudu saboda kyamara, kuma kada a tura yaro. In kun makara, ku bar ta. Mun ga yadda haɗin kuɗi yake sa mutum ya ji nauyin kayan jama'a har ya yi ganganci. Shi ya sa duk ƙungiyar da za ta saya, tun ranar saye ta sa sunan wanda zai kwance, da ranar da zai kwance. Mu a bara kowa ya zaci ɗan'uwansa ya je. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya, ana kuma sanarwa a rediyo. Amma mu abin da muka tsayar ya fi wannan sauƙi: da Agusta ta kama, duk kyamarar da take ƙasa da shatin ruwa ta dawo gida, tare da injin da take gadi. In injin yana gida, me ya rage ta gada a cikin ruwa?

Wadda za a bari a sama kuwa muna da wani aiki da muke so a ba ta, kuma shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauki wannan batu a wannan mako. Yawancin kyamarorin nan suna da tsarin ɗaukar hoto a kan lokaci, misali kowace awa ɗaya, ko abu ya gifta ko bai gifta ba. A kafa bututun ƙarfe a fadama, a shafa masa fenti fari da ja, kowane rabin mita kala ɗaya, a saita kyamara tana kallonsa daga sama. Aikin mai walda ne na yini ɗaya, har da ɗan akwatin ƙarfe mai rumfa da kwaɗo. Garin da tarihi ya ce maƙeransa ne suka je Dala neman tama ba zai rasa mai yin wannan ba. A ƙarshen damina za mu samu abin da ba mu taɓa mallaka ba: ranar da ruwa ya zo, awar da ya zo, inda ya kai, da kwana nawa ya yi. In jami'an SEMA suka zo ƙididdigar asara, ba da baki za mu yi bayani ba. In shekara ta zagayo, mai neman hayar gona ya san abin da yake karɓa. Dattijon nan na gindin tsamiya ba zai dawwama ba, kuma ba mu ga wanda yake koyon karatun ɓawon itace a wurinsa ba.

Mu mun riga mun kafa namu bututun ranar Asabar da ta wuce, kyamarar tsamiya tana kallonsa. Muna roƙon 'yan uwa na Toranke, Balare, Gafasa, Kunkurawa da Dundun, da na Kademi, Shagogo, Gamarya da Balan, duk wanda yake da gona inda ruwa yake kwanciya, ya je da wani dattijo ya nuna masa shatin ruwa mafi tsawo da ya sani, ya tsaya a gefensa a ɗauke shi hoto don a ga tsayin, ya faɗi shekarar in an tuna. Wanda kuma tasa kyamarar ta taɓa nutsewa ya gaya mana lambar da take jikin kwalin da kwana nawa ta yi a ruwa, ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Za mu tattara mu kawo a makalar mako biyu masu zuwa, in Allah ya kai mu.